Yankan tikitin jirgin ƙasa na Turai tun kana Kano

Da zarar Fabrairu ko Satumba ta ƙarato, sai ofisoshin majemun Challawa da Sharada su ɗau harama, saboda baje kolin fata na Lineapelle da ake yi sau biyu a shekara a Rho, gefen birnin Milan. Masu kamfanonin roba da leda su kuma lissafinsu yana kan baje kolin K na Düsseldorf, wanda ba ya zagayowa sai bayan shekara uku-uku, a watan Oktoba: an yi a 2022, an yi a 2025, sai kuma 2028. Masaƙun Kano sun durƙushe, amma 'yan tsirarun da suka rage a harkar ba su daina leƙa ITMA ba, baje kolin injinan saƙa da aka yi a Milan a 2023, wanda zai koma Hannover a 2027. Ga masu fitar da riɗi da zoɓo da citta, da ke zuwa Anuga a Köln ko SIAL a Paris. Ga kuma injiniyan da maigida zai tura daga Bompai ya je ya ga inji yana aiki da idonsa kafin a saki kuɗi.

Shirya wa irin waɗannan bayin Allah tafiya shi ne aikina, kuma abu guda nake ta gani. Za a sha wahalar biza, a yi cinikin tikitin jirgin sama kamar za a yi faɗa, a kama otal, amma kana ta da zancen jirgin ƙasa sai a ce maka, "Bari dai mu isa tukuna." Sai an isa a tarar kuɗin ya ninka biyu ko uku, ko jirgin safe ya cika. Wasu kuma akasin haka suke yi. Sun ji an ce sayen wuri ya fi sauƙi, sai su kwashi tikiti mafi araha na kowace tafiya tun biza ba ta fito ba, daga baya kuɗin ya bi ruwa. Duka biyun tushensu ɗaya: rashin sanin abin da ake saya. Tikiti mai araha na jirgi mai gudu alkawari ne tsakaninka da jirgi ɗaya tak, mai lamba kaza, da zai tashi ƙarfe kaza a rana kaza. Ba tashar Unguwa Uku ba ce, da in wannan mota ta cika ta tafi sai ka shiga ta bayanta. Inda lokaci yake hannunka, sayi mai araha tun da wuri. Inda ba ya hannunka, biya kuɗin wanda ake iya canzawa. Sauran bayanin duk a kan wannan ya ginu.

Abubuwan da za ka tanada

- Fasfon mai tafiya, ko hoton shafin da ke da sunansa.
- Katin banki da ke biya a ƙasashen waje. Tun daga 2022 bankuna da yawa suka rufe wannan ƙofa ga katin naira, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, tare da iyakar abin da za a kashe. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali. Ko wanne ne, ka tambayi bankinka iyakarsa kafin ka fara.
- Layin wayar da banki ke turo lambar tabbatarwa, a kusa da kai.
- Imel ɗin da mai tafiyar kansa yake buɗewa a wayarsa, ba na ofis kaɗai ba.
- Tikitin jirgin sama, adireshin otal, da adireshin duk kamfanin da za a ziyarta.
- Manhajar kamfanin jirgin ƙasar da za a shiga: DB Navigator a Jamus, Trenitalia da Italo a Italiya, SNCF Connect a Faransa, Renfe a Sifaniya.
- Firinta da takarda.

Mataki na 1: Zana tafiyar, ka nemo ainihin sunan tasha

Kafin ka buɗe kowane shafi, ɗauki biro ka rubuta alkawuran da ba sa motsi: ranar buɗe baje koli, ƙarfe nawa abokin ciniki ya ce zai karɓe ka, ranar jirgin dawowa gida. Daga su za ka lissafo baya. Sannan ka tambayi wanda za ka je wurinsa tashar da ta fi kusa da shi, domin masana'antu ba a tsakiyar manyan birane suke ba. Majemun yankin Tuscany suna Santa Croce sull'Arno, tsakanin Firenze da Pisa. Daga Milan za ka hau jirgi mai gudu zuwa Firenze Santa Maria Novella, kusan awa biyu, ka sauya zuwa ƙaramin jirgin da ke bi ta Empoli, ka sauka a San Romano-Montopoli-Santa Croce. Majemun Arzignano kuwa a Vicenza ake sauka, kan layin Milan zuwa Venezia, a ƙarasa da mota.

A nan ne tuntuɓen farko yake. Birni ɗaya na iya samun manyan tashoshi uku ko fiye. Milan tana da Centrale, da Porta Garibaldi, da Rogoredo, filin baje kolin kuma tasharsa daban, Rho Fiera. A Köln akwai babbar tasha kusa da majami'ar garin, akwai Köln Messe/Deutz a ƙetaren kogin Rhine, a bakin filin Anuga. A Paris kowace nahiya da tasharta: Gare du Nord ta arewa, Gare de l'Est ta gabas, Gare de Lyon ta masu zuwa kudu da Italiya. Madrid akwai Atocha, akwai Chamartín. Frankfurt ma biyu ce a Jamus: wadda kake nufi ita ce ta kogin Main, mai babban filin jirgin sama, ɗayar, ta kogin Oder, tana can iyakar Poland. Kuma allon tasha da sunan gida yake amfani: Firenze, Köln, München, Napoli. Da shi za ka rubuta wa mai tafiya.

Mataki na 2: Rarrabe jiragen da ake saye da wuri da waɗanda ba a buƙata

Wanda ya saba da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya san yankan tikiti ta intanet, tunda an fara shi a can tun 2021. Amma daga Idu zuwa Rigasa kuɗin aji ɗaya ba ya canzawa don ka yi sammako. A Turai jiragen nesa masu gudu, wato ICE na Jamus, Frecciarossa da Italo na Italiya, TGV na Faransa, AVE na Sifaniya, farashinsu irin na jirgin sama ne. Ana ware kujeru kaɗan a farashi mai rahusa, suna ƙarewa sai a hau mataki na gaba. Lokacin babban baje koli, da yammacin Juma'a da yammacin Lahadi, masu rahusar da wuri suke ƙarewa. Waɗannan ne ake saye tun daga Kano.

Jiragen kusa kuma, irin Regionale na Italiya, da RE da S-Bahn na Jamus, da Malpensa Express mai ɗauko mutane daga filin jirgin saman Milan, kuɗinsu tsayayye ne, ba a kuma kama kujera. Sayensu wata guda kafin tafiya ba ya rage maka ko sisi, sai dai ya ɗaure ka. Bar su sai ka isa, ka saya a manhaja ko a injin tasha. Wannan ya shafi masu zuwa K musamman: otal-otal na Düsseldorf sukan cika, kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabi, sai mutane su kwana a Köln ko Essen ko Duisburg su riƙa shigowa kullum. Wannan zirga-zirgar ba ta buƙatar wani shiri daga gida. Ka dai duba ko takardar shiga baje kolin ta haɗa da sufurin cikin gari, don wasu suna haɗawa, wasu ba sa yi.

Mataki na 3: San lokacin da za ka saya

Doka ta farko: kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Ofishin jakadanci na iya jinkirtawa, na iya ba da kwanakin da ba su ka nema ba, na iya hanawa. Ana karɓar takardar neman bizar Schengen tun wata shida kafin tafiya, don haka wanda ya san zai je Lineapelle ta Satumba ba shi da dalilin jira sai Agusta. Wanda bizarsa ta fito da wuri shi ke cin moriyar tikiti mai araha. Wanda tasa ta fito saura kwana uku, sai haƙuri.

Kamfanoni sun bambanta wajen buɗe sayarwa. Deutsche Bahn na Jamus yakan buɗe watanni da yawa kafin tafiya, na Faransa da Italiya da Sifaniya galibi wajen wata uku zuwa huɗu, wani lokaci ƙasa da haka. Kuma duk Turai ana sauya jadawalin jirage a tsakiyar Disamba. Idan a watan Oktoba ka nemi jirgin Fabrairu ka ga babu, ko ka ga guda biyu kacal, ba cika ya yi ba, ba a gama ɗora sabon jadawalin ba ne. Kada ka firgita ka sayi abin da ka gani. Duba jadawalin irin wannan rana a mako mai zuwa don ka san yadda jiragen suke, ka dawo daga baya.

Mataki na 4: Wajen kamfani ko wajen dillali?

Hanya biyu ce. Ko ka saya kai tsaye a shafin kamfanin da ke da jirgin, ko ka bi ta dillalan intanet irin su Trainline, Rail Europe da Omio. Dillali yana da amfaninsa. A shafi ɗaya zai jera maka Trenitalia da Italo gefe da gefe, ko Renfe da Iryo da Ouigo a layin Madrid zuwa Barcelona, ka ga wanda ya fi sauƙi. Yana magana da Turancin da za ka gane. Kuma sau da yawa katin da shafin wani kamfani ya ƙi, dillali yakan karɓa. A madadin haka yakan ɗora 'yar la'ada, kuma in matsala ta taso, canji ko mayar da kuɗi, yawanci ta wajensa za ka koma. Ma'aikacin tasha na iya duba tikitin ya ce maka ka nemi wanda ya sayar maka, kai kuwa kana tsaye da akwati a hannu.

Ni abin da nake yi shi ne, in duba a wajen dillali, in saya a wajen kamfani. Idan tafiyar cikin ƙasa ɗaya ce, ko ta fara daga Jamus ta ƙetara iyaka, shafin kamfanin ya wadatar, kuma manhajarsa za ta riƙa sanar da mai tafiya in an canza layi ko jirgi ya makara. Ina komawa ga dillali ne in kati ya ƙi, ko in tafiyar ta haɗa kamfanoni da yawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne danna duk tallar da ta fara fitowa a saman shafin bincike. Akwai shafukan da ke kwaikwayon na gaske suna ɗora kuɗi mai yawa. Rubuta adireshin da hannunka, ko ka yi amfani da manhajar da ka sauke daga rumbun wayarka.

Mataki na 5: Zaɓen nau'in tikiti

Wannan ne matakin da ya fi cin kuɗin mutane, don haka a yi shi a natse. Kusan kowane kamfani hawa uku yake da su. A Jamus akwai Super Sparpreis, mafi araha, ba a mayar da kuɗinsa. Akwai Sparpreis, wanda ake iya sokewa kafin ranar tafiya a cire wani abu a ba ka sauran a takardar bashi da za ka sake sayen tikiti da ita. Akwai Flexpreis, mai tsada, wanda ke ba ka damar hawa kowane jirgi na wannan hanya a wannan rana. A Trenitalia sunayen su ne Super Economy, Economy da Base. Na farko ba canji ba mayarwa. Na biyu ana canza lokaci kafin jirgi ya tashi, a cika bambancin kuɗi. Base kuwa ana canza shi sau nawa aka so kafin tashi. Italo ma haka ya kasa nasa: Low Cost, Economy da Flex. Sharuɗɗan suna rubuce a ƙarƙashin kowane farashi, a karanta su kafin a danna.

To, wanne za ka ɗauka? Dubi ranar sauka. Mutum ya taso daga filin jirgin Malam Aminu Kano ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, ko ya bi ta Abuja zuwa Frankfurt. Takarda ta ce zai sauka ƙarfe shida na safe. Wannan lokacin taɓa ƙasa ne kawai. Akwai layin jami'an shige da fice, inda mai koren fasfo kan sha tambayoyi: ina takardar gayyata, ina otal, ina tikitin komawa. Akwai jiran akwati. In ya ɗauko samfurin fata, ƙila kwastan su ce a buɗe. Jirgin saman kansa na iya makara awa biyu tun daga inda aka yada zango. Idan ka yanka masa Super Sparpreis na ƙarfe bakwai da rabi daga tashar filin jirgin Frankfurt zuwa Düsseldorf, kuma bai kai ba, tikitin ya mutu, kamfanin jirgin ƙasa ba ruwansa da lattin jirgin sama. Zai sayi sabo a farashin ranar, ka biya sau biyu ke nan. Araha ba ta ado. A ranar sauka, ko dai ka sayi mai sassauci, ko ka bar tazarar aƙalla awa uku zuwa huɗu. Wasu kamfanonin jiragen sama suna sayar da tikitin jirgin ƙasa na Jamus haɗe da nasu, da sunan Rail&Fly; tambayi wanda ya yanka maka tikitin sama.

Ranar komawa filin jirgi kuma, haɗarin ya juya. Nan ba tikitin jirgin ƙasa kake tsoron rasawa ba, jirgin gida kake tsoro. Mai araha ya yi, amma ka zaɓi wanda zai kai ka da wuri sosai, ta yadda ko an soke shi akwai biyu a bayansa.

Tafiye-tafiyen tsakiya su ne wurin rage kuɗi. Safiyar da ka san za ka tashi daga otal ka nufi Firenze, lokaci a hannunka yake, ɗauki mafi araha. Dawowa daga ganawa kuwa ba a hannunka take ba. Wanda ya taɓa zama da mai majema a Italiya ya san ba a tashi daga duba fata sai an ci abinci, ba a kuma gama abincin da wuri. Ga dawowa, ɗauki wanda ake canzawa.

Sai maganar kujera. A Italiya da Faransa da Sifaniya tikitin jirgi mai gudu yana zuwa da lambar tarago da ta kujera. A Jamus kuwa, a aji na biyu, tikiti daban, kujera daban. Kana iya hawa ICE da tikiti sahihi ka yi awa biyu a tsaye a bakin ƙofa. Kuɗin kama kujera kaɗan ne. Lokacin baje koli, ko in dattijo ne zai yi tafiyar, kada a yi rowarsa.

Mataki na 6: Canjin jirgi a hanya

Idan tafiya tana da canji, yi ƙoƙari ka saye ta a ciniki ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, a matsayin tikiti guda. Dalili shi ne, in jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, nauyin kai ka inda za ka yana kan kamfani, za a sa ka a na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. In kuwa ka yanka su daban-daban don ka rage Yuro biyar, ko dillali ya haɗa maka tikitin kamfanoni biyu da ba su da alaƙa, kowanne yarjejeniyarsa daban. Tikitin Italo ba ya aiki a jirgin Trenitalia, ko da daga tasha ɗaya suke tashi zuwa gari ɗaya. Shafi mai gaskiya yakan faɗa kafin biya cewa tikitin rabe yake. Nemi wannan jimlar.

Kwamfuta takan ba da canjin minti bakwai ko takwas. Wannan na ɗan gari ne mai jaka a kafaɗa. Baƙo mai akwati biyu ya nemi minti ashirin zuwa talatin, kuma shafin Deutsche Bahn yana da wurin da ake ƙara tazarar. A Paris, inda canji kan zama fita daga wata tasha zuwa wata ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, kada ya gaza awa ɗaya. Ni nakan tsawaita canjin tsakar rana da gangan, mutum ya samu ya ci abinci ya yi salla a natse.

Masu cewa, "Tunda na zo, bari in leƙa Landan," su tsaya. Jirgin Eurostar yana zuwa Landan daga Paris da Brussels, amma Birtaniya ba ta cikin Schengen. Sai da bizarta, ana kuma duba fasfo kafin a shiga jirgi. Sannan in bizarka ta Schengen ta shiga ɗaya ce, kana fita ta ƙare, ba dawowa. Suwizalan kuwa tana cikin Schengen tun 2008, don haka jirgin Zürich zuwa Milan, mai ratsa ramin Gotthard na kilomita 57, ba ya buƙatar wata biza.

Mataki na 7: Suna, rana, da biyan kuɗi

Rubuta suna kamar yadda yake a fasfo. Ba Alhaji, ba Injiniya, ba laƙabin da ake kiransa a masana'anta. Yawancin tikitin intanet na mutum ɗaya ne, mai duba tikiti na iya neman fasfo ya gwada. Sakatare ko akawun da ke saya wa maigida ya kula: wasu shafukan sukan ɗauki sunan mai asusun su sa a matsayin fasinja in ba a canza ba. Haka in ɗan'uwa da ke zaune a can ne zai biya da katinsa.

Duba rana sau biyu. Wasu shafukan suna fara rubuta wata kafin rana, irin na Amurka, sai 03/09 ta koma 9 ga Maris maimakon 3 ga Satumba. Agogon jirgi na awa 24 ne, 07:10 safe ce, 19:10 dare. Lokacin da ke kan tikiti na ƙasar ne. Da hunturu agogon Jamus da Italiya da Faransa da Sifaniya daidai yake da na Kano, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya. Mai zuwa Lineapelle ta Fabrairu ba zai taɓa agogonsa ba. Mai zuwa ta Satumba sai ya ƙara awa guda, musamman mai agogon hannu.

Wajen biya, shafin yana riƙe maka kujerar ne na 'yan mintuna. Banki zai turo lamba zuwa layin mai katin. Idan katin na maigida ne kuma ya shiga masallaci ko yana cikin ɗakin inji ba ya jin waya, lokacin zai ƙare a koma farko, ƙila da sabon farashi. Kira shi tukuna. In kati ya ƙi, kada ka yi ta dannawa. Banki na iya toshe shi, ko a riƙe kuɗi sau biyu. Duba imel ko tikitin ya shigo, duba asusu, sannan ka gwada wata hanya. In an ba ka zaɓin kuɗin da za a cire, zaɓi Yuro, ka bar bankinka ya yi canjin.

Mataki na 8: Ajiye tikitin, da ranar tafiya

Sauke tikitin a cikin manhaja, ɗauki hotonsa, sannan ka buga shi a takarda. Waya na iya mutuwa, layin Najeriya na iya ƙin kamawa. A jiragen nesa na Italiya lambar ciniki mai harafi shida tana wadatar da mai dubawa. Rubuta ta a jikin jadawalin.

A tasha, da lambar jirgi ake nema, ba da sunan garin da za ka ba, domin allon yana nuna zangon ƙarshe ne. Mai zuwa Firenze zai ga an rubuta Napoli ko Salerno, mai zuwa Vicenza zai ga Venezia. A Milano Centrale za ka ga jama'a cirko-cirko sun ɗaga kai suna kallon allo, gurbin lambar layi babu komai, sai saura kamar minti goma lambar ta bayyana, kowa ya ja akwatinsa a guje. Tsaya kusa da ƙofar shiga, tikiti a hannu. Layin da jirgi ke tsayawa sunansa binario a Italiya, Gleis a Jamus, voie a Faransa. A Jamus wasu jiragen biyu ne a haɗe, a hanya su rabu kowanne ya kama gabansa, don haka shiga taragon da aka rubuta maka. A Faransa ana hana shiga saura minti biyu. A Sifaniya ana saka kaya a na'urar bincike kafin hawa AVE, sai a zo da wuri.

Tikitin takarda na jirgin Regionale da ka saya a tashar Italiya sai ka cusa shi a ɗan akwatin da ke bakin layi ya buga masa rana da lokaci kafin ka hau. In ba ka yi ba, tara ce, kuma "ni baƙo ne" ba ta ceto. Babu 'yan dako, abin da ka ɗauko kai za ka hau da shi. Jiragen rahusa irin Ouigo suna ƙayyade kaya, ƙari sai an biya. Jakar fasfo da kuɗi kada ta bar jikinka, musamman a manyan tashoshi, kuma fasfon ya kasance kusa, tunda Jamus ta dawo da binciken iyakokinta na ƙasa tun Satumbar 2024.

Mataki na 9: In abu ya ɓaci

Jiragen Turai ma suna makara, kuma ana yajin aiki. Kwana biyu kafin kowace tafiya a buɗe manhaja a duba. A Italiya ranar yajin aiki ana tabbatar da jiragen kusa daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na yamma a ranakun aiki, kamfani kuma yakan fitar da jerin jiragen nesa da za su tashi. A Jamus, in ana sa ran za ka isa da lattin minti 20 ko fiye, ko an soke jirginka, ɗaurin tikiti mai araha ya warware, kana iya hawa wani jirgin na wannan hanya.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2021/782, da ta fara aiki a Yunin 2023, ta ce in latti ya kai minti 60 za a mayar maka da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, in ya kai minti 120 kashi 50. Ana iya ƙin biya in musabbabin mummunan yanayi ne ko makamancinsa, amma yajin aikin ma'aikatan kamfanin ba ya cikin uzurin. Ana nema ta manhaja ko shafin kamfani, kuma a shigar da ƙorafi cikin wata uku. Kuɗin kan koma katin da aka biya da shi ko asusun da ka bayar, don haka kada a rufe katin da an dawo.

Tambaya biyu da ake yawan yi mini. Ta farko, katin Eurail, wanda ake sayar wa waɗanda ba mazauna Turai ba. Yana da amfani ga mai yawon ƙasashe da yawa, amma a Faransa da Italiya da Sifaniya sai ka sake biyan kuɗin kujera a kowane jirgi mai gudu, Italo kuma ba ya karɓarsa. Ga tafiyar kasuwanci mai zango uku ko huɗu, tikiti ɗai-ɗai da aka saya da wuri yakan fi sauƙi. Yi lissafin biyun a takarda. Ta biyu, Deutschlandticket, da aka fara a Mayun 2023 a kan Yuro 49 a wata, kuɗin ya ƙaru tun daga nan. Yana aiki a jiragen kusa da bas-bas na duk Jamus, ban da jiragen nesa irin ICE da IC. Amma rajista ce mai sabunta kanta, kuma da watan kalanda take tafiya. In ba ka soke ta kafin 10 ga wata ba, za a cire maka kuɗin watan gaba kana zaune a Sharada.